Wa Ke Ba Da Labarin Wanda Aka Buge?

Ranar 24 ga Maris, 1970, ɗaruruwan mutane suka cika zauren taro na kamfanin ɗab'i na Kodansha a birnin Tokyo, sun zo makokin wani ɗan dambe mai suna Rikiishi Toru. An kafa fagen dambe a cikin zauren, an ɗauko malamin addinin Buda ya yi karatun da suke yi wa mamaci. Shi kuwa mamacin, ba uwar da ta taɓa haifarsa. Zane ne. Yana cikin wani labarin zane mai suna Ashita no Joe, wanda Kajiwara Ikki ya rubuta da sunan aro na Takamori Asao, Chiba Tetsuya kuma ya zana, ana fitar da shi kashi-kashi duk mako a mujallar Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973. Mako guda bayan makokin, wasu samari tara masu tsattsauran ra'ayin gurguzu suka yi fashin jirgin saman kamfanin Japan Airlines, suka karkatar da shi zuwa Koriya ta Arewa, kuma a sanarwar da suka bari sun kira kansu da sunan jarumin labarin.

Don haka wanda zai ce littafin zane ai wasan yara ne, ina dalilin ɓata tawada a kansa, sai ya fara yi mini bayanin wancan makoki tukuna. Irin waɗannan littattafai, da Japanawa ke kira manga, da finafinan zane da ake yi daga cikinsu, sun daɗe da ƙetare teku. Yau suna cikin wayoyin samarinmu a Kano da Kaduna da Damagaram, ana karanta su da Turanci ko Faransanci, ana tafka gardama a kansu. Ni ma mai karanta su ne, kuma ina jin daɗinsu. Amma ina da ƙorafi a kan yadda suke ba da labarin yaron da aka raina har ya zama ɗan damben sana'a. Jini dai suna nuna shi, mutuwa ma suna nuna ta. Lissafi ne suke ɓoyewa: nawa ake biya, wa ke ɗaukar kaso, kuma mutum nawa za su faɗi kafin ɗaya ya tsaya.

Joe Yabuki, jarumin Ashita no Joe, maraya ne, ɗan tasha, wanda ya faɗo wata unguwar leburori a gabashin Tokyo, irin unguwar San'ya inda a shekarun 1960 mazaje ke biyan hayar makwanci kwana-kwana, su fito da asuba su jira motar da za ta kwashe su zuwa wurin gini. Can wani tsohon ɗan dambe mai ido ɗaya, mashayi, Tange Danpei, ya ga yadda yaron ke naushi a faɗan titi, ya liƙe masa. Joe bai ɗauke shi a bakin komai ba. Damfara ya sa a gaba har ta kai shi gidan gyaran halin kangararrun yara. Tsohon ya riƙa aika masa darasin dambe a katin wasiƙa, ɗaya bayan ɗaya, na farko a kan yadda ake miƙa hagu. A gidan ne ya haɗu da Rikiishi, wanda ya zama babban abokin hamayyarsa. Da ya fito, manyan harkar dambe ba sa son jin sunan ubangidansa, sai Joe ya bi ta bayan gida: ya je ya tsokani zakaran sababbin 'yan dambe, Wolf Kanagushi, a ɗakin canza kaya, 'yan jarida suka ɗauka, surutu ya yi yawa har aka rasa yadda za a yi da shi sai a ba shi hanya.

Hajime no Ippo, na George Morikawa, ya fara fitowa a mujallar nan dai a 1989, kuma har yau ba a kammala shi ba. Ya haura mujalladi 140, kwafin da aka buga kuma ya kai miliyan 100 tun 2023. Shi jarumin nan, Makunouchi Ippo, ba ɗan tasha ba ne. Ɗan sakandare ne mai kunya, mahaifinsa ya rasu a teku, yana taya mahaifiyarsa sana'ar kai masu kamun kifi teku a jirginsu, 'yan makarantarsu kuma suna dukansa suna cewa warin tana yake yi. Wani ɗan dambe, Takamura, ya cece shi wata rana. Da yaron ya ce shi ma yana so ya shiga, sai Takamura ya daki bishiya ganye ya zubo, ya ce ya cafke guda 10 kafin su taɓa ƙasa, ya ba shi mako guda. Ya yi. Daga nan sai gidan horon tsoho Kamogawa, sai jarrabawar lasisi, sai gasar sababbin shiga, sai kambun ƙasa.

A duba da kyau. An ce mana raunana ne, amma ko ɗaya daga cikinsu ba rarrauna ba ne. Joe da naushinsa aka haife shi. Ippo kuwa, shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya yana tsayuwa a kan jirgi mai tangaɗi sun gina masa ƙugu da ƙafafu. Ranar farko da ya daki buhun naushi sai da fatar hannunsa ta saluɓe, Takamura ya riƙe baki. Ɗan hakin da aka raina ne, wanda marubuci ya riga ya san zai tsone ido. Mai karatu na zaton yana kallon yadda ƙoƙari ke mai da rago jarumi, alhali tono baiwar da aka binne tun a shafin farko ake yi a gabansa. Wannan ba laifi ba ne a fasahar labari, haka tatsuniya take tun fil azal. Sai dai yaron da ya rufe littafin ya nufi gidan horo, shi ba wanda ya binne masa komai, kuma darasin da ya ɗauka shi ne duk wanda ya faɗi, to gudun asubarsa ne bai isa ba.

A littattafan nan, ranar samun lasisi ranar salla ce. A zahiri kuwa ita ce mataki mafi sauƙi a duk tafiyar. Hukumar damben Japan, JBC, wadda aka kafa a 1952, shekarar da Shirai Yoshio ya zama Bajapane na farko da ya ci kambun duniya, kashi biyu take yin jarrabawar: 'yan rubutattun tambayoyi a kan dokoki, sai turmi biyu na gwaji da wani mai neman lasisi irinka, bayan likita ya duba ka har da hoton ƙwaƙwalwa. Ba a neman ka buge kowa. So ake a ga ka iya kare fuskarka, ka kuma iya sakin hagu da dama yadda ya kamata. Yaro ɗan shekara 17 yana iya samu, kamar yadda Ippo ya samu. Abin da za a miƙa maka lasisi ne mai daraja ta C, na wasa mai turmi 4. Sai ka ci wasa 4 ka hau B, mai turmi 6, ka ci 2 a nan ka hau A, mai turmi 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe katin nan a matakin farko suka gama.

To nawa ake ba ɗan turmi 4? Abin da aka daɗe ana biya wajen yen 60,000 ne, kuɗin Japan, a wasa guda, kuma kashi 33 cikin 100 na gidan horo ne. Saura wajen 40,000, kuɗin da da ƙyar zai biya hayar ƙaramin ɗaki na wata guda a Tokyo, ga mutumin da in ya yi sa'a zai hau fage sau 3 ko 4 a shekara. Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Sau da yawa ba tsabar kuɗi ake ba shi ba. Tikitin shiga kallon wasan ake damƙa masa, ya je ya sayar, abin da ya samu shi ne ladansa. Sai ka ga mutum, a makonnin da yake fama da yunwar rage nauyi, yana bin abokan aiki da dangi da tsofaffin abokan makaranta yana roƙo su sayi tikitin zuwa Korakuen Hall, ƙaramin zauren nan da ke hawa na biyar kusa da Tokyo Dome, wanda kujerunsa ba su kai 2,000 ba. Wanda ba shi da jama'a ya sha duka kyauta. Wa kuma ya fi rashin jama'a? Maraya irin Joe, da mai kunya irin Ippo. Tsarin da ke ƙasa ya fi cutar daidai irin mutumin da littafin ya ɗauka ya mai da jarumi.

In za a yi wa Morikawa adalci, bai taɓa cewa 'yan dambe masu kuɗi ne ba. Cikin 'yan damben labarin Ippo, Aoki na dafa taliya a shago, Kimura na taya iyayensa sayar da furanni, Mashiba na aiki a kamfanin jigilar kaya yana riƙe da ƙanwarsa. Amma waɗannan sana'o'i wurin shan iska ne a labarin, inda ake ɗan barkwanci kafin a koma ga abin da ya tara mu. Ba ka jin nauyinsu a jikinka yadda kake jin naushin haƙarƙari, wanda ake iya kashe shafuka ana zana shi. Haka ma tsakanin ɗan dambe da mai gidan horo. A Japan ba ka dambe sai ta hannun gidan horo mai rajista. Mai gidan shi ne ubangidan kocinka, ko ma shi ne kocin, shi ne manajanka, sau da yawa shi ne mai shirya wasan da za ka yi, kuma an daɗe ana kuka da wahalar sauya gida in ba da yardarsa ba. Wuƙa da nama ke nan a hannun mutum ɗaya. Littattafan sun ɗauki wannan mutum sun mai da shi uba: Danpei na lebura dare da rana domin Joe, Kamogawa da tsufansa yana tare naushin Ippo a tafin hannunsa yana cije haƙora. Akwai iyayen gida na gari irin waɗannan, ba shakka. Amma inda alheri ya rataya kacokan a kan halin mutum ɗaya, labarin da ya nuna maka mutumin kirki kaɗai ko rabin zancen bai gaya maka ba. Kuma Morikawa ya fi ni sanin haka, domin shi kansa yana da gidan horon dambe a Tokyo, JB Sports, har yakan tsaya wa yaransa a kusurwar fage.

Ga kuma lissafin da ba ya buƙatar ƙididdigar kowa. Duk wasan da ba a tashi canjaras ba, ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. Kafin wani ya tara nasara 20, sai an sami faɗuwa 20 da aka rarraba wa wasu. Gasar sababbin shiga da Ippo ya ci sili ɗaya ƙwale ce: gabashin Japan ya fitar da gwaninsa, yamma ta fitar da nata, su haɗu a ƙarshe, kowane ajin nauyi mutum ɗaya ke tsira. Sauran duk su ma yaran da aka raina ne, su ma sun yi gudun asuba, su ma akwai uwa a gida. Manga mai kyau takan ba abokin karawa babi ɗaya ko biyu na tarihinsa, a nuna maka ƙanwarsa ko tsohon kocinsa, ka ji tausayinsa. Amma aikin wannan tausayi shi ne ya ƙara wa nasarar jarumi armashi. Da an ɗaga hannun Ippo sai alƙalami ya bi shi, wancan kuwa a bar shi a ɗakin canza kaya da tawul a ka. Inda Ashita no Joe ya ɗara sauran shi ne ya waiwayi Wolf: Joe ya karya masa muƙamuƙi a fage, damben ya ƙare, da muka sake ganinsa ya zama ɗan tsaron 'yan daba. Shi ma ɗin an dawo da shi ne domin Joe ya ga abin da hannunsa ya aikata.

Akwai waɗanda suka fi Wolf shiga uku. An daɗe a Japan ana ɗauko 'yan dambe daga Tailan da Filifin da Indonesiya su zo su faɗi, a gyara wa ɗan gida tarihin wasanninsa. Abin ya yi yawa har hukumar JBC ta riƙa fitar da sunayen baƙin da ta hana a sake gayyata, saboda sun kwanta ba tare da wani yunƙuri ba. Waɗannan su ne talakawan sana'ar na gaskiya: mutum ya hau jirgi, ya sha duka turmi biyu, ya koma da abin da zai riƙe gida na ɗan lokaci. A cikin Ippo akwai mai kama da su, Malcolm Gedo na Filifin, mai sayar da wasa, kuma a matsayin ɗan damfara aka gabatar da shi. A duniyar waɗannan littattafai, wanda ke dambe domin ya gano mene ne ƙarfi shi ne mai tsarkin zuciya, wanda ke yi domin kuɗi a fili kuwa sai an nemo masa uzuri. Kamar neman abinci abin kunya ne.

Wani zai ce ai labarin yana faruwa a zahiri. Yana faruwa. Kimura Sho, ɗan damben Japan na gaske ba na zane ba, an buge shi a turmin farko na wasansa na farko a 2013. Dakon kwalaben giya yake yi zuwa mashayu a Tokyo lokacin da aka gayyace shi Shanghai a Yulin 2017 ya kara da Zou Shiming, gwanin ƙasar Sin mai zinaren Olamfik biyu, 2008 da 2012, mai riƙe da kambun duniya na hukumar dambe ta WBO. Ba wanda ya zaci zai kai labari; wasan gida ne aka shirya wa Zou. Sai Kimura ya tsayar da shi a turmi na 11. Ko Morikawa ba zai rubuta abin da ya fi wannan ba. Amma da ya dawo Tokyo bakin aikinsa na dako ya koma, da kambun duniya a ɗaki. Ya kare kambun sau 2, a Satumbar 2018 Tanaka Kosei ya karɓe shi a Nagoya. Kuma ana tuna Kimura ne domin irinsa ba su cika faruwa ba.

Wanda ke mulkin damben Japan a wannan zamani kuwa, Inoue Naoya, hanyarsa ko kaɗan ba ta yi kama da ta Joe ko Ippo ba. Mahaifinsa ne kocinsa tun yana firamare, ya tara kofuna tun yana sakandare, bai taɓa wasan turmi 4 ba, da turmi 8 ya fara a 2012, a wasansa na 6 ya ci kambun duniya a 2014. Gata ne da tsari da farawa da wuri. Ba mai zana wannan, ba hawaye a ciki.

Babbar hujjar masu kare littattafan ita ce ai ba su yaudari kowa ba: sun kashe Rikiishi, sun nuna Carlos Rivera na Benezuwela, wani abokin karawar Joe, ya dawo a susuce, ƙwaƙwalwa ta taɓu, Joe kansa hannunsa ya fara rawa. Gaskiya ne, kuma a nan sun fi finafinan damben Amurka da yawa ƙarfin hali. Amma a duba yadda aka nuna abin. Rikiishi ya fi Joe girman jiki (Chiba ne ya zana shi ƙato tun farko, daga baya aka ga sai an haɗa su a aji ɗaya), don haka sai da ya sauko zuwa kilo 53 da rabi. Aka ɗaure famfunan gidan horon da waya, ya riƙa kwana a kulle, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa suka fito. Wata rana cikin dare ya fita hayyacinsa yana neman ruwa, da aka miƙo masa ruwan ɗumi sai hankalinsa ya dawo, ya zubar. Ya hau fage, ya buge Joe a turmi na 8, ya miƙa hannu su gaisa, ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Wannan babi na daga cikin mafi kyawun abin da aka taɓa zanawa, kuma kyawun nan shi ne damuwata. Mai karatu ba ya fita yana cewa Allah ya kiyaye. Fita yake yana cewa wannan shi ne namiji.

Haka ƙarshen littafin. Joe ya sha turmi 15 a hannun zakaran duniya Jose Mendoza, ya faɗi da maki, ya zauna a kujerar kusurwa yana murmushi, an zana shi fari fat, sama da shekara 50 ke nan ana gardamar ko mutuwa ya yi. Hoton ya zama abin sawa a riga da bango. Mutumin da naushi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba haka yake ƙarewa ba. Yakan rayu shekara da shekaru yana mantuwa, harshe na sarƙewa, ƙafa na ja, matarsa ko ƙanwarsa na ɗawainiya da shi. Wannan ba ya kyau a takarda, shi ya sa ba a daɗewa a kansa.

Ranar 2 ga Agusta, 2025, a wannan zaure na Korakuen da yawancin wasannin Ippo ke gudana a cikinsa, 'yan dambe biyu, Kotari Shigetoshi da Urakawa Hiromasa, dukansu 'yan shekara 28, suka yi wasa daban-daban a dare guda. Kotari ya yi turmi 12 aka tashi canjaras, Urakawa aka tsayar da shi a turmi na 8. Duka biyun jini ya taru musu a ƙwaƙwalwa, aka yi musu tiyata, ɗaya ya rasu ranar 8, ɗaya ranar 9. Kafin su, Anaguchi Kazuki, ɗan shekara 23, ya rasu a Fabrairun 2024 bayan wasan neman kambun ƙasa da ya yi a ƙarshen Disamba, a ajin nauyin nan na Joe da Rikiishi, wasan da aka zaɓa mafi ƙayatarwa cikin wasannin gida na shekarar. Cikin matakan da hukumar ta sanar bayan rasuwar biyun akwai rage wasannin kambun yankin Asiya da Pasifik daga turmi 12 zuwa 10, da tanadin motar asibiti a wurin wasa, da gwajin fitsari domin gane wanda ya ƙafar da jikinsa da ƙishirwa kafin awon nauyi. Gwajin ƙishirwa, shekara 55 bayan Rikiishi ya zubar da ruwan nan.

Ban ce littafi ne ya kashe su ba. Naushi ne ya kashe su, kuma ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Joe ba su ma suna binne 'yan dambe. Abin da nake cewa shi ne, jama'a koyon abin da za su yi wa tafi suke yi, kuma an yi rabin ƙarni ana koya wa masu kallo da masu yi cewa wanda ya ƙi kwanciya, ya tashi sau uku sau huɗu idonsa a juye, shi ne cikakken mutum. Sau nawa aka zana koci riƙe da tawul, hannunsa na rawa, ya fasa jefawa, sai yaron ya juya wasan ya ci? Duk lokacin da aka zana haka, an ba kocin gaske hujjar ya jira turmi ɗaya tukuna.

Mu Hausawa bai kamata mu yi wa Japanawa dariya a nan ba, domin mun riga su wannan salo. Dambenmu na gargajiya, wanda aka san mahauta da shi, ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, da makaɗi yake tafiya, kuma makaɗi wanda ya yi kisa yake yi wa waƙa. Ɗan Anace ya sa sunan Shago ya wuce zamaninsa. Waɗanda Shago ya kashe kuwa sun shiga waƙa ne a matsayin shaidar ƙarfinsa. Yanzu da damben ya zama sana'ar rani da damina a gidajen dambe na Kano da Abuja da Legas, ana sa babur da mota, ana ɗaukar bidiyo miliyoyi na kallo a YouTube, tambayoyin nan na Tokyo sun iso ƙofar gidanmu. Nawa ne rabon ɗan dambe a kuɗin ƙofa da kuɗin bidiyo? Wa ke duba kan wanda ya suma kafin ya sake ɗaura zare? Wa ke riƙe shi in hannu ya mutu? Matashin mai zane na Kano ko Maraɗi da zai ɗauki dambenmu ya yi masa littafi, ina fata ba Ippo zai kwafa ya ɗaura masa laya da zare kawai ba. Wanda aka kashe a turmin farko, ya karkaɗe ƙasa ya shiga neman kuɗin mota, har yau ba wanda ya tambaye shi labarinsa.

Abu mafi jarumta da na gani a duk wannan fanni Morikawa ne ya yi shi. Bayan kusan shekara 30 yana hawa da jaruminsa, sai ya fara sako alamu: Ippo ya kasa jan miƙaƙƙen layi a takarda, naushin da a da yake shanyewa yanzu yana durƙusar da shi. Alfredo Gonzales na Meziko ya buge shi. Da ya dawo aka haɗa shi da wani yaro ɗan Filifin, Antonio Guevara, wanda kowa ya ɗauka matakala ce, irin baƙon nan da ake kawowa ya faɗi. Yaron ya buge shi. A farkon 2018 Ippo ya ajiye safar dambe bai ci kambun duniya ba, ya koma jirgin mahaifiyarsa, ya zama mai riƙe wa wasu bokiti da tawul a kusurwa. Littafin ya ba wanda aka kawo ya faɗi nasara, sannan ya raka wanda ya faɗi har gida ya zauna da shi.

Masu karatu kuwa ba su yafe masa ba. Shekaru ke nan tambaya ɗaya ake yi duk inda masoya littafin suka taru: yaushe zai dawo? Marubucin ma ya bar ƙofa a buɗe, domin gwajin asibiti a labarin bai tabbatar da ciwon ba, kuma tun daga lokacin ake ta nuna Ippo na ƙara gane dambe daga waje, jikinsa na ƙara ƙarfi, tsofaffin abokan karawarsa na jiransa. Ina jin zai dawo. Mujalla kasuwa ce, mai saye kuma ya faɗi abin da yake so, kuma in ya dawo ya ci kambun duniya ni ma zan karanta, ba zan yi ƙarya ba. Amma da Morikawa zai ji tawa, da ya bar shi inda yake, ya zana mana ranar da zai jefa tawul ɗin a kan yaronsa alhali yaron ne ke gaba da maki, 'yan kallon Korakuen su yi masa ihu, mai gidan horo ya yi asarar wasan kambu, yaron kuma ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwarsa.